Yadda Ciyaman Ogburn Ya Nuna wa Gwamnati Kwarin Tolliver

Duk wanda ya ce kwarin Kogin Tolliver bai yi sa'a ba, to bai san Mista Thaddeus Ogburn ba. Kafin zuwansa, mutanen kwarin sun yi shekara ɗari biyu suna noma, suna tatsar shanu, suna binne matattunsu a bayan coci, ba wanda ya taɓa gaya musu cewa a wuri mai kyau suke zaune. Kogin ma gudu kawai yake yi, ba shugaba. Da kaka ganyaye kan rine, su yi ja, su zube, ba tare da izinin kowa ba. Cikin wannan duhun kai aka zauna har ranar da Mista Ogburn ya yi ritaya daga sayar da inshora a birni, ya kwaso kayansa da matarsa ya dawo ƙauye.

A kan tudu ya gina gida, dab da babban titi, inda ake hango kwarin ta taga ba tare da an shaƙi warinsa ba. Cikin wata uku ya kafa Kwamitin Kare Kyawun Kwarin Tolliver. Aka yi zaɓe, ya ci kujerar ciyaman ba hamayya. Mambobin kwamitin uku ne: shi, da matarsa Verna, da wani likitan haƙori da ya zo taro sau ɗaya don ya ji an ce akwai gahawa. Masu zaman hira a kantin gari suka laƙaba masa Sarkin Ganye. Da labari ya kai masa, sai ya ce talaka bai iya ɓoye ƙauna ba.

Ya kuma wallafa ɗan littafi mai shafi arba'in a kan tashoshi goma sha biyu da ya kamata baƙo ya tsaya ya yi mamaki a hanyar kogin. Hotonsa ya cinye bangon gaba, aka samar wa kogin wuri a bangon baya. Daga taswira da katunan hoto ya rubuta littafin. Tun ranar bikinsa bai ƙara bin hanyar ba, domin ƙurar ciyawa tana sa shi atishawa. Yakan ce gaggafa daga sama take sanin daji, kaza ce ke tona ƙasa.

Verna kuwa 'yar kwarin ce. A gona ta ƙarshe aka haife ta, can ƙasa inda kogi ke lanƙwasa, gonar da ƙaninta Hollis Pruitt yake riƙe da ita yanzu da shanun madara arba'in. Shekara talatin da huɗu ke nan tana auren Ciyaman. Ita ke buga masa wasiƙu, ita ke gyara kuskuren rubutu ta bar kuskuren tunani yadda ta same shi. Duk Laraba takan tuƙa kanta zuwa gidan Hollis, ta dawo da ƙwai da labari. Ciyaman yakan ci ƙwan.

Burin Ciyaman ɗaya ne, a sa hanyar Tolliver cikin jerin Hanyoyin Kallo na Jiha. Ya dami majalisar gunduma da jawabi har suka gaji suka sa hannu a wata doka da ya tsara da kansa: daga ranar da hanyar ta sami wannan suna, ba wanda zai ƙara rushe tsohon gini ko ya yi rufin kwano a inda ido zai gani daga titi. 'Yan majalisar sun sa hannu ne don su tafi cin abinci. Ba su zaci jiha za ta taɓa amsa wasiƙarsa ba. Sai ga amsa ta zo a wasiƙa ta goma sha tara: za a aiko wata jami'ar gwamnati ta duba hanyar.

A nan hankalin Verna ya tashi. Garken shanun Hollis, wato ginin da suke kwana a ciki, na katako ne, tun na kakansu. Ya karkace, rufinsa ya lotsa a tsakiya, bara da ƙyar ya ɗauki nauyin dusar ƙanƙara. Hollis ya shirya rushe shi ya tada na ƙarfe kafin sanyi ya kama. In dokar ta fara aiki, ko dai shanu su yi hunturu a ƙarƙashin rufin da zai iya danne su, ko a sayar da su, gonar ubansu ta mutu. Ta gaya wa mijinta haka a kan teburin karin kumallo, cikin lalama.

Ya ajiye cokali, ya ce, "Verna, tarihi ya fi saniya. Saniya ta mutu a sayi wata. Wa ya taɓa sayo shekara ɗari a kasuwa?"

Ya ji daɗin maganar har ya sa ta rubuta masa ita.

Mako guda kafin zuwan jami'ar, kowane gida a kwarin ya sami takardar umarni. Ranar Asabar daga ƙarfe goma kowa ya fito bakin titi da malafa da riga mai gida-gida. Kada a shanya wanki. Kada a watsa taki. A ɓoye tsofaffin a-kori-kura a bayan gida. A matso da shanu kusa da shinge, masu dabbare-dabbare a gaba. Matan coci su tsaya a gada su rera waƙar maraba, wadda ya tsara mai baiti tara, sunansa a cikin bakwai. Mutane suka karanta, suka yi tsaki, amma yawancinsu suka nemo malafa, saboda Verna 'yarsu ce, ba sa so ta ji kunya.

Asabar ta zo da rana mai kyau. Jami'ar, Madam Ostrander, mace ce gajera mai furfura, marar yawan magana. Ta zo da littafin rubutu da 'yar na'ura mai nuna hanya, ta ɗora su a cinya. Ciyaman ya fito da doguwar motarsa mai launin madara, ya naɗe rufinta. Ya sa safar hannu ta fata, ya ɗaura ƙyallen siliki a wuya, ya rataya madubin hangen nesa a ƙirji kamar mai shirin gano sabuwar ƙasa. Ya zaunar da baƙuwa a gaba, Verna a baya tare da kwandon abinci.

Kafin ya tada mota ya waiwayo. "Verna, yau ranar gwamnati ce. Komai kika gani, komai kika ji, kada ki sa mini baki. Jirgi ɗaya, matuƙi ɗaya."

Ta ce to.

Mil biyu daga gari akwai mararraba a gaban farar coci. Hagu tana gangarawa Tolliver. Dama tana haura tudu ta faɗa kwarin Kogin Sable, a gundumar Marlow, maƙwabtan da Ciyaman ya tsana ba tare da ya taɓa ganinsu ba. Sun iso mararrabar yana tsakiyar bayanin yadda aka yi ya fara jin kiran kwari a zuciyarsa. Fuskarsa tana wajen baƙuwa, hannu ɗaya yana sama yana zana tsaunuka a iska. Motar ta bi dama.

Verna ta ce, "Thaddeus..."

Ya ɗaga safar hannu, bai ko waiwayo ba. "Mun yi magana, Verna."

Ta dubi ƙeyarsa. Ta waiwaya ta dubi hanyar gida tana ɓacewa a bayan coci. Ta tuna matan da ke tsaye a gada, ta ji nauyinsu. Ta kuma tuna shanu arba'in da rufin da ya lotsa. Ita ba ta shirya komai ba, ba ta juya sitiyari ba. Umarni aka ba ta a gaban shaida. Ta gyara zama, ta ɗora hannu a kan kwando, ta zama mace mai biyayya.

A kan tudun akwai allo ƙato mai yi wa matafiya maraba da zuwa gundumar Marlow. Daidai nan Ciyaman ya lumshe ido don ya karanto sakin layin farko na littafinsa da ka.

Suka gangara cikin kwarin Sable. Gaskiya wuri ne da ba ya buƙatar mai yabo. Kogi yana tafe a gefen titi, garau, ana ganin duwatsun ƙasansa. Tsaunuka a dama da hagu sun rine, ja da ruwan ɗorawa da ruwan goro, kamar an shanya atamfofi daga nan har inda ido ya tsaya. Ganye yana faɗowa cikin motar. Titi sumul. Madam Ostrander ta buɗe littafinta ta fara rubutu.

Ciyaman ya ce, "Kin gani, Madam? Shekara shida ina wannan aiki. Da kin zo kafin ni, da ba ki gane wurin ba. Waccan bishiyar ma, sai da na yi faɗa da mutum uku a kanta."

Suka zo wata gada mai rufi, ya ce tasha ta ɗaya. Suka zo jan rumbu, ya ce tasha ta biyu. Ƙasar ba ta rasa gadoji da jajayen rumbuna ba, don haka littafi da hanya suka yi ta tafiya tare ba gardama. A tasha ta biyar littafi ya ce ruwa yana zubowa daga dutse ta hagu, sai ga shi ta dama. Ya ce laifin maɗaba'a ne, zai rubuta musu. Rashin masu malafa ya ɗan dame shi da farko, amma ya bayyana wa baƙuwar cewa mutanensa kwarjini ke hana su fitowa, suna leƙensa ta labule.

Madam Ostrander ta duba na'urarta, ta dube shi. "Mista Ogburn, wannan ba hanya ta arba'in da ɗaya ba ce?"

Ya yi murmushin da malami ke yi wa ɗalibi. "Madam, kyau ba shi da lamba."

Ta rubuta wani abu. Ya leƙa, ya tabbata maganarsa ce take adanawa don 'yan baya.

Wajen azahar suka tsaya a rumfar wata tsohuwa mai sayar da ruwan tuffa da kabewa. Ciyaman ya sauko, ya dafa kafaɗarta, ya gabatar da ita a matsayin ɗaya daga cikin mutanensa. Ya ce ta faɗa wa gwamnati, tsakaninta da Allah, yadda ta ga aikin kwamiti.

Tsohuwa ta janye kafaɗa. "Wane kwamiti? Malam, kofi nawa za a zuba?"

Ya juya wajen baƙuwar, ido ya kawo ruwa. "Kin ji ko? Shugabanci na gaskiya ke nan. A yi wa mutum aiki har ya ɗauka daga sama ya faɗo."

Tsohuwar ta gane Verna, don sun sha haɗuwa a kasuwar manoma. Ta buɗe baki za ta gaishe ta. Verna ta sa baki a kofi, ta girgiza kai kaɗan. Tsohuwar ta dubi mai ƙyallen siliki, ta dubi Verna, ta ƙara mata ruwan tuffa kyauta.

Tasha ta goma sha biyu ta ƙare a wata mararraba da ba ta cikin littafi. Ciyaman ya tsaya, ya ɗora madubi a ido, ya duba gabas, ya duba yamma. An ce matambayi ba ya ɓata, amma shi ba a haife shi don tambaya ba. Ya yi gyaran murya ya ce, ta gefen baki, yana ba Verna izinin kalma ɗaya.

Ta ce, "Hagu."

Ba ta yi ƙarya ba. Hagu ce hanyar gida. Tana tsallake tudu ta shiga hanyar Tolliver ta tsakiya, ta gangara har gonar ƙarshe kafin ta zagayo gari.

Suna sauka motar ta faɗa rami na farko. Sai warin taki ya tarbe su, domin manoma sun ji an ce ruwa na tafe, kuma ƙasa ba ta karanta takardar umarni. Ciyaman ya toshe hanci da siliki.

"Ki gafarce ni, Madam. Dole ce ta sa za mu ratsa ta ƙasar maƙwabta. Marlow ke nan. Amma gara ma, gani ya kori ji. Ki dubi abin da rashin shugaba ke yi wa wuri."

Verna tana kallon kogin da ta koyi iyo a cikinsa. A idonta ba wanda ya kai shi kyau, da raminsa da takinsa. Amma an ba ta kalma ɗaya, ta kuwa kashe ta.

Sai ga mutane a bakin titi. Ƙarfe uku ta wuce, tun goma suke tsaye. Wasu sun kifa bokiti sun zauna, wasu sun rufe fuska da malafa suna gyangyaɗi. Shanun da aka jera a shinge sun gaji da jiran gwamnati sun juya wa titi baya. Wani ma ya fitar da wankinsa ya shanya, don rana na shirin tafiya.

Ciyaman ya ce, "Dubi ƙattai, rana tsaka, ba aiki ba sana'a. Dubi shigarsu, kamar dodon gona. Wa ya ce musu ana sa malafa a wannan zamani? Ni dai da in rayu a nan gara in koma inshora."

Da suka hango motar sai aka miƙe. Ana ta "Ga shi nan! Ga shi nan!" Wasu suna ɗaga hannu a buɗe, wasu a dunƙule. Ciyaman ya ɗaga safa ya amsa musu a hankali, kamar mai tsoron kada hannun ya zube.

"Har nan sun san ni. Wallahi yin suna nauyi ne, Madam. Ba na yi wa maƙiyina fatansa."

A gada mata bakwai suka tashi da sauri, furannin hannunsu sun yi yaushi, suka ɗauki baitin farko. Ya taka mai ya wuce, iska ta kwashe sunansa kafin ya iso kunnensa. Ya ce ko waƙar ma ba su iya ba, kuma duk wanda ya tsara ta ya kamata ya nemi gafarar jama'a.

A lanƙwasar kogi ya taka birki da kansa. Ga wani garken shanu ya karkace, an tokare shi da gungume uku, rufinsa ya lotsa kamar bayan tsohon jaki. Ciyaman ya miƙe tsaye a cikin mota don muryarsa ta kai.

"Madam, ki rubuta wannan. Wannan ba gini ba ne, cin mutuncin ido ne. Mai shi, ko wane ne, malalaci ne ɗan malalata. Da a kwarina yake, da gobe-goben nan na sa an rushe shi."

Wani dogon mutum ya taso daga gindin shinge, da malafa a ka da kwandon tuffa a hannu, rana ta gasa masa wuya ya yi ja. Ya zo ya jingina da ƙofar mota.

"Sannu da zuwa, mijin Yaya. A rushe, ka ce? Allah ya yi maka albarka, ka faɗa da ƙarfi gwamnati ta ji. Yaya, ina kuka shige tun safe? Ƙafata har ta yi saiwa."

Ciyaman ya sauke madubi. "Hollis? Me ya kawo ka Marlow?"

"Marlow kuma? A ɗakin can aka haife mu, ni da matarka. A gindin bishiyar nan aka ci abincin bikinku, har ka yi atishawa a cikin miya."

Wata saniya ta yi kuka a bayan garke. 

Madam Ostrander ta rufe littafinta. "Wannan ita ce hanyar Tolliver, Mista Ogburn. Tun daga kan tudu na'urata ta nuna. Ta safe kuma ta Marlow ce. Na ɗauka gaskiya ce ta yi maka yawa."

Ta sauka, ta zagaya garken, ta taɓa gungumen da ke riƙe da shi. Ta tambayi Hollis ko zai kai bazara. Ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi dai ba ya kwana da tabbas. Ta ɗauki tuffa ɗaya ta gutsura, ta ce ta fi ta Marlow zaƙi, amma ba tuffa aka aiko ta dubawa ba.

Ciyaman ya zauna. Atishawa ta zo masa, guda huɗu a jere.

Bayan sun ajiye baƙuwar a wurin motarta, suka hau tudu. A ƙofar gida ya juyo wajen Verna.

"Kin sani tun daga coci."

"Na sani."

"Me ya hana ki magana?"

"Ka ce kada in sa baki."

"Shekara talatin da huɗu ina faɗa miki haka, Verna! Sai yau?"

Ta ɗauki kwando ta shiga gida.

Bayan mako uku wasiƙa ta zo da tambarin jiha. An sa hanyar Kogin Sable, ta gundumar Marlow, cikin jerin Hanyoyin Kallo. Wasiƙar ta gode wa Mista Ogburn musamman. Ta ce ofishin bai taɓa ganin shugaban da ya ɓata yini guda yana tallata hanyar maƙwabta, sannan ya fito fili ya faɗi aibin tasa ba, kuma irin wannan rashin son kai ya yi ƙaranci a zamanin nan. A makon ne Hollis ya rushe garke. Kafin dusar farko ta sauka, shanu arba'in suna ƙarƙashin sabon kwano mai ƙyalli, wanda ake hangowa tar daga tagar Ciyaman.

Kwana biyu bai fita ba. A na uku ya sake karanta wasiƙar, ya ga ashe ba ta da laifi. Ya sa aka yi mata gilashi aka rataye a falo. Ya sauka kanti ya bayyana wa masu hira cewa da gangan ya yi, domin babban mutum ba ya tsayawa a iyakar gunduma, kuma dama Tolliver ta yi masa kaɗan. Suka ce ranka ya daɗe, ai sun lura. Wani ya saya masa gahawa, karo na farko cikin shekara shida.

Sai ga takardar gayyata daga Marlow, ana so ya zo bikin buɗe hanya ya zauna a sahun gaba. An haɗo da taswira, an ja layi ja daga ƙofar gidansa har wurin taro, an zagaye mararrabar coci sau biyu. A ƙasan takardar Madam Ostrander ta ƙara layi ɗaya da biro: don Allah Misis Ogburn ta tuƙo.

Ciyaman ya matso da takardar kusa da ido, ya nisanta ta, ya juya ta gefe. Ya miƙa wa Verna makullin mota don ta riƙe masa, ya ce abin da ke damunsa da ma'aikatan gwamnati ke nan, rubutunsu ba ya karantuwa.